Motar da Ta Ƙi Hawa Tudu

Shekara talatin da ɗaya ina auren bakanike, amma ban san abin da ke cikin hancin mota ba sai da mijina ya kwanta. A gareji Mai Kunne ake ce masa, domin in an kawo mota ba ya taɓa ta sai ya sa an tayar, ya karkata kai kamar mai sauraron gulma ta bayan katanga, sannan ya faɗi abin da ke damunta. In ya faɗa kuwa, ya faɗa. Ni dai a gida ban taɓa cin moriyar kunnen nan ba, sai in yi magana sau uku kafin ya ɗago ya ce, "Me kika ce?"

Ciwon ya same shi ne wata ranar Talata da yamma, a cikin motarsa, a ƙofar gida. Ɓarin dama ya shanye, hannu da ƙafa, magana ma ta tafi gaba ɗaya. Yana ji, yana gane duk abin da ake faɗa, amma in ya buɗe baki sai wani gurnani ya fito. Da aka sallame mu, likita ya zaunar da ni ya ce wata shida na farko su ne kasuwar hannun nan. In aka dage da gashi da motsa gaɓɓai a cikinsu, akwai rabon ya dawo. In suka wuce, abin da ya rage shi ya rage. Da ƙyar muka samu gurbi a babban asibiti, Litinin da Alhamis, ƙarfe goma. Nas ɗin da ke riƙe da littafin ta gaya mini ƙa'idarsu ba tare da ta ɗago kai ba: wanda ya yi fashi uku a jere za a soke sunansa a ba na bayansa, domin layi ya yi tsawo.

Watan farko surukinmu, mijin babbar 'yarmu, shi ya riƙa kai mu a motarsa. A cikin watan nan yatsun maigida suka fara lanƙwasawa kaɗan, har ya riƙe cokali na ɗan lokaci kafin ya suɓuce. Sai hutun surukin ya ƙare, ya kwashi iyalinsa suka koma garin da yake aiki. Ya rage daga ni sai mijina sai tsohuwar motarsa.

Motar nan ta girmi autarmu. Bai taɓa yarda wani ya sa mata hannu ba, ko wanki shi yake yi da kansa. Ya koya mini tuƙi a cikinta, amma shi ke fito da ita, shi ke mayar da ita, kuma ban taɓa wuce kasuwa ba. Mutum ne mai zurfin ciki, irin waɗanda ko ina za su sai bayan sun dawo za ka ji. Bayan ya kwanta na riƙa fita da ita kantin magani da kasuwa, a hankali, tana tafiya lafiya lau. Ban kawo komai a raina ba.

Tsakaninmu da asibitin akwai wani dogon tudu, hanya ɗaya ce kuma babu ta kewaye. Ranar Litinin ɗin farko ni da maƙwabcinmu muka ɗaga maigida muka zaunar da shi a kujerar gaba, muka ninke kekensa a but. Har gindin tudun babu abin da ya faru. Na rage giya, na taka totur yadda ya koya mini, injin ya ɗauki ƙara, muka fara hawa. Ba mu kai rabi ba motar ta yi tari. Ta fizga, ta sake fizga, salansa ta yi harbi tau, tau, sai na ji ƙarfinta yana zirarewa a ƙarƙashin ƙafata. Na ja ta gefe ta mutu.

Na ɗan jira na murɗa makulli, ta tashi tana silo a tsaye sumul kamar ba ita ba. Na sake takawa, muka yi taku kaɗan, ta sake shaƙewa. Ana cikin haka sai ga hannun maigida na hagu, mai lafiyar, ya miƙo tsakanin kujerunmu yana lalube ƙasa. Zatona birkin hannu zai ja saboda tsoro, ga kuma manyan motoci suna wucewa ta gefenmu. Na make hannun.

"Kashe mu za ka yi? Zauna mana!"

Ya yi gurnani ya sake miƙowa, na sake turewa. Sau shida na gwada tudun nan, har da giya ta ɗaya, ƙarshe na juya muka gangaro gida ƙarfe sha ɗaya ta wuce. Fashi na ɗaya ke nan.

Ba ni da zaɓi, na kira Dogo. Rumfarsa tana jikin ta maigida a gareji, shekara da shekaru suna kwasar kwastoman juna suna tsiya, shayi kuma a kofi ɗaya suke sha. Ya zo da akwatin sifanunsa, ya durƙusa ya gaida abokinsa da na fito da shi ƙofar gida a keke, sannan ya buɗe hancin motar yana murmushi.

"Yau ga ni ga amaryarka, Oga. Ka yi haƙuri, lalura ce."

Na kwatanta masa abin da ta yi, har da kwaikwayon harbin salansa. Ya gyaɗa kai.

"Misin take yi, Maman yara. In mota ta yi lafiya a silo amma ta ƙi in an matsa mata, abu biyu ne, ko wuta ko mai. Ko dai wutar da ke kunna man tana yankewa, ko man ba ya isowa. Da wuta ake farawa."

Ya kwance fulogi huɗu ya jera a kan tsumma, ya duba bakinsu ɗaya bayan ɗaya, ya ce sun yi fari kuma sun tsufa. Ya sa sababbi, ya canza wayoyinsu, ya goge cikin murfin distiributa da yashin takarda. Sannan ya tayar, ya ja wayar totur da hannu, injin ya yi ruri har kajin maƙwabta suka watse. Ko tari ɗaya ba ta yi ba. Na ji sanyi a raina. Da na waiwaya sai na ga maigida yana girgiza kai da ƙarfi, leɓensa yana rawa.

"Kai dai ba ka taɓa yabon aikina ba kana da baki," in ji Dogo yana goge hannu, "ballantana yanzu."

Ranar Alhamis na yi wa kaina dabara. Na ce a zaunar da shi a baya, kada ya sake kai hannu wajen birki ina tsakiyar hawa. Ya yi ta ture maƙwabcin, amma ƙarfinmu ya fi nasa. A daidai inda ta tsaya ranar Litinin, kusa da wani allon talla da ya yi tsatsa, nan ta sake tsayawa. Maigida ya dinga dukan ƙasan kujerata da ƙafarsa mai lafiya, dum, dum, dum, ni ina fama da makulli, gumi yana shiga mini ido. Na juya na daka masa tsawa irin wadda ban taɓa yi wa 'ya'yana ba. Ya tsaya. Muka koma gida ba wanda ya kalli wani. Fashi na biyu.

Da yammar ranar Dogo ya dawo, wannan karon babu murmushi. Ya jawo benci ya zauna gaban keken, gwiwa da gwiwa.

"Oga, na san ka sani. Ka taimake ni. Wuta ce?"

Maigida ya girgiza kai.

"Kwayil?"

Ya girgiza.

"Mai ne?"

Ya gyaɗa kai har keken ya motsa. Idanunsa suka kawo ruwa.

"Madalla! Filta?"

Nan ya tsaya. Ya ɗaga hannu ya nuna motar, ya juya hannun a iska, ya sake nunawa. Na kawo takarda da biro na sa masa a hagu. Ciwon nan ba baki kaɗai ya kama ba, har rubutun ya tafi da shi. Ya daɗe yana fama, ya zana wani abu kamar da'ira da sanda a kanta, biro ya huda takardar. Dogo ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa.

"Famfon mai ne wannan. Ko kuwa kafireta? Oga, famfo?"

Maigida ya gyaɗa, sannan ya girgiza, sannan ya jefar da biron. Ni kuwa ina tsaye kamar gunki. Mutumin da ya fi kowa sanin ciwon motar nan a duniya yana zaune taku uku da ita, amsar tana cikin kansa, mu biyu masu lafiya mun kasa ciro ta. Ban taɓa jin rashin amfanina irin na ranar ba.

Kwana biyu Dogo ya bar rumfarsa yana ƙofar gidanmu. Ya canza filtar mai. Ya sauke kafireta ya warware ta a cikin faranti, ya wanke da fetur, ya hura kowane ɗan rami da baki. Ya cire famfon ya sa sabo, ya zare tiyo ya sa a kwalba, ya ce in murɗa makulli. Mai ya tsarto cikin kwalbar, ya ɗaga ya nuna mini. Har bututun da ya taho daga tanki sai da ya hura, ya sa na kasa kunne a bakin tankin, na ji yana ɓulɓul.

"Kin ji ko? Hanya a buɗe take."

Ya zaga unguwa da ita sau biyu. Titunanmu kuwa ramuka ne, ba mai iya gudu a kansu. Na ce ya kai ta tudun ya gwada. Ya dubi rana, ya ce masu motoci suna jiransa tun jiya, kuma babu abin da ya saura a layin mai da bai taɓa ba.

"In ta sake tsayawa, Maman yara, ki canza mini suna."

Na so in yarda da shi, amma wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Na shirya da wani mai tasi ya zo ranar Litinin ƙarfe tara. Ya zo a kan lokaci. Muna turo keken za mu wuce tsohuwar motar zuwa tasin, sai maigida ya miƙa hannu ya damƙe mariƙin ƙofar direba. Muka ja, ya ƙi saki. Maƙwabcin ya gwada ɓamɓare yatsun, sai ya fasa wani irin ihu da ya fito da matan layin ƙofar gidajensu. Yana jan ƙofar yana kallona, yana jan ƙofar yana kallona. Ni abin da na gani kawai shi ne taurin kan da na sha fama da shi shekara talatin, mutum ba zai shiga motar wani ba ko da zai mutu.

Mai tasi ya yi haƙurin minti ashirin, sannan ya ce shi ba zai ɗauki mutum da ƙarfin tsiya ba, ya ja motarsa. Raina ya ɓaci, bakina ya kufce.

"Wannan gwangwanin ya fi maka hannunka ko? To ga ka ga ta! In ka ƙare a kujera kada ka kalle ni!"

A gaban mutane na faɗa. Har yau in na tuna sai in ji kamar in tsaga ƙasa in shige.

Muka sa shi a kujerar gaban motarsa don babu lokacin gardama. Na ja motar ina addu'a, ina cewa wataƙila Dogo ya yi gaskiya. Mun wuce allon tallan da ɗan taku, har na fara cewa alhamdu, sai ta yi tari. Ta fizga, ta harba, ta mutu. Hannun maigida ya taho tsakanin kujeru, na cafke shi na danne a kan cinyata da hannu biyu, ina kuka ina cewa ya bari, don Allah ya bari. Ya yi ta ƙoƙarin zarewa har ƙarfinsa ya ƙare, hannun ya saki.

Na fita na tsaya a bakin titi ina ɗaga wa motoci hannu. A kan tudu ba mai son tsayawa. Ɗaya ya tsaya, cike yake da mutane har but. Wani ya rage gudu, ya hango keken da mutumin da sai an ɗauka, ya ƙara wuta. Na kira lambar asibitin ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Ƙarfe goma ta yi muna wurin, sha ɗaya ta yi muna wurin, ƙarshe muka gangaro gida. Fashi na uku.

Washegari da sassafe na ji ana ƙwanƙwasa ƙofa. Dogo ne, da naɗin sabon bututu a kafaɗa. Bai gaishe ni da wasa ba, ni ma ban tuna masa zancen suna ba. Ya ce zai cire bututun mai gaba ɗaya daga tanki har injin ya sa wani, in wannan bai yi ba shi ya sallama. Ya sa jak, ya shimfiɗa kwali, ya shige ƙarƙashi. Na fito da maigida ya sha iska, muka zauna muna kallon ƙafafun Dogo.

Can sai ƙarar sifana ta tsaya.

"Maman yara, bututun nan ya bar hanya. Ya huda ƙasan mota ya yi sama."

Ya fito yana kakkaɓe baya, ya buɗe ƙofar direba, ya tura kujerata baya har ƙarshe, ya ɗaga kafet ta gefen birkin hannu. Ga shi nan, ɗan famfo na jan ƙarfe da 'yar sanda a kansa, irin na tukunyar gas, an ɗaure shi da kyau yadda mijina kaɗai ke ɗaure abu. Sandar ba ta miƙe ba, ba ta kuma gicciye ba, tana tsakiya.

Dogo ya zauna a ƙasa daɓas.

"Na ɓarayi ne," ya ce a hankali. "Shekarun baya da aka addabi mutane da satar mota, ya ce tasa ba mai kai ta ko'ina, muka yi ta tambaya ya ƙi faɗa. In ya ajiye ta sai ya rufe, ɓarawo ya tayar ya yi ɗan nisa ta mutu. To rabi yake a rufe. Man da ke wucewa ya ishe ta silo da yawon unguwa, ya isa ya tsarto a kwalba, iska ma ta wuce. In ta hau tudu ta nemi mai da yawa sai ta rasa." Ya dafe kai. "Fulogin nan da suka yi fari sun gaya mini tun ranar farko. Ni ne ban ji ba."

Sai a lokacin na tuna yadda na same shi ranar da ciwon ya zo. Injin a kashe, shi a karkace wajen giya, hannunsa na dama a ƙarƙashin kujera. Na ɗauka faɗuwa ce ta kai hannun can. Ashe rufewa yake yi, ya kai rabi hannun ya mutu.

Dogo ya murɗa sandar da yatsa biyu. Aikin bai kai ƙiftawar ido ba. Na juya na kalli mijina. Ya rufe ido, hawaye suna bin ɓarin fuskar da ya saki, ƙirjinsa yana hawa yana sauka. Na durƙusa gaban keken.

"Shekara talatin da ɗaya. Me zai rage ka in ka gaya mini? Ni ce ɓarauniyar?"

Ya ɗora hannun da na make, na danne, a kan kaina.

Ban jira Alhamis ba. A ranar muka tafi, Dogo yana baya. Motar ta haye tudun nan a giya ta uku ko gezau, muka wuce allon tallan kamar ba mu taɓa saninsa ba. Babu wanda ya yi murna. A asibiti na bar su a wurin ajiye motoci na shiga ni kaɗai. Nas ɗin ta buɗe littafi ta juyo mini shi. An ja layi a kan sunan, an rubuta wani a ƙasa.

"Jiya da rana aka ba wata mata gurbin, Mama. Ita ma wata uku tana jira."

Na fara ba ta labarin famfo da tudu da fulogi, ina jin yadda zancen yake fita kamar shirme. Ta saurare ni har ƙarshe, ba ta yi mini tsawa ba, da ma ta yi da na samu wanda zan yi faɗa da shi. Ta ce za ta sa mu a sabon layi. Na ce yaushe zai zo kanmu? Ta ƙirga shafuka ta ce kamar wata huɗu, in an yi sa'a. Na lissafa da biyun da suka riga suka wuce tun kwanciyarsa, ita ma na ga ta lissafa. Ta ba ni wata takarda mai zanen yadda ake motsa hannu a gida, ta ce Allah ya ba shi lafiya, ta kira na bayana.

Da Dogo ya hango fuskata sai ya fita daga motar ya ce zai nemo ruwa. Na shiga na zauna, na tayar da injin don in samu abin yi da hannuna. Maigida yana kallona. Ban iya yi masa ƙarya ba, bai taɓa zama mutumin da ake yi wa ba.

"Sun ba wata. Sai bayan wata huɗu."

Sai ya juyo sosai, ya buɗe baki. Jijiyoyin wuyansa suka tashi, harshensa yana neman wani abu. Na kashe motar. Ban ce masa ruwa yake so ba, ban ce gida ba, ban cinkar masa komai ba, na juya na ba shi fuskata gaba ɗaya na jira. Ya rufe bakin, ya haɗiyi yawu, ya sake buɗewa.

Mai gadin wurin ya zo ya ƙwanƙwasa gilashi, ya ce in mun gama mu ba wasu wuri, motoci sun yi layi a ƙofa. Na sauke gilashin kaɗan.

"Ɗan ba mu lokaci, ɗana," na ce. "Mijina magana yake."